Ma'aikatana ba sa aiki sai ina tsaye a kansu, ta yaya zan haɗa kansu?

Mai Matsar Gyaɗa:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da ƙaramar masana'antar matsar man gyaɗa a nan Maradi, wadda na buɗe shekara 6 da suka wuce da injin guda da yara 4. Yau cikin ikon Allah injuna sun zama 3, ma'aikata kuma sun kai 22, cikinsu akwai mata 7 masu tsintar gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli, sauran kuwa masu injin ne da masu ɗura mai da direba da mai gadi. Masu saye ba su taɓa yanke mini ba, damuwata duka tana cikin gida.

Ranar da na wuni a wurin mukan cika jarka 40, amma ranar da na tafi ƙauye sayen gyaɗa da ƙyar ake cika 25, alhali injunan su ne, gyaɗar ita ce, mutanen ma su ne. A watan jiya bel ɗin babban injin ya fara kuka tun da hantsi, mutum uku suna jin sa, babu wanda ya ce uffan har ya tsinke ya ja mana wata ɓarnar, muka yi kwana 4 a zaune muna jiran kayan gyara daga Kano. Da na tambayi babban mai injin dalilin shirunsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ba a tambaye ni ba."

Ban zauna hannu rabbana ba. Na ƙara wa kowa jika 5 a albashi, aka yi mako biyu ana zafin nama, daga nan aka koma gidan jiya. Na tara su na yi musu dogon jawabi cewa wurin nan namu ne gaba ɗaya, har na sa mai fenti ya rubuta maganar a bango, suka ce "Allah ya ƙara arziki, Alhaji", suka watse. Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa: mutum 8 cikinsu dangina ne daga ƙauyenmu, ana kiransu ƴan gida, sauran 14 kuwa su da kansu suke kiran kansu ƴan albashi, kuma ko abincin rana ba sa ci a kwano ɗaya. Ina roƙon waɗanda suka riƙe jama'a su ba ni shawara, ta yaya shugaba yake sa mutanensa su ɗauki aiki kamar nasu, su kuma haɗu a kan manufa guda?

Tsohon Ɗan Kasuwa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, na karanta bayaninka sau biyu, kuma kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce "namu". Ka ce musu wurin nan namu ne, amma cikin duk abin da ka lissafa ban ga abu guda da yake nasu ba sai albashin ƙarshen wata, wanda za su iya samu a ƙofar wani. Amsar da suka ba ka kuwa addu'a ce da ake yi wa mai dukiya, mai rabo a cikin dukiyar ba ya yin ta da wannan lafazi, saboda haka sun riga sun faɗa maka yadda suka ɗauki jawabinka, sai dai sun faɗa cikin ladabi.

Ni na shiga kasuwa ina yaron shago a farkon shekarun 1970, daidai lokacin da fari ya karya cinikin gyaɗar da ya ɗaga Maradi, alhazai suka juya ga fataucin kaya tsakaninmu da Najeriya. Ubangidana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tara mu ya yi jawabi ba, bai ma iya rubuta sunansa da boko ba, amma yakan ɗanƙa mini kuɗin da ban taɓa gani ba in tafi Kano ni kaɗai, in dawo da kaya da canji, ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Ba tsoronsa ne ya riƙe ni ba. Kowane yaro a gidan ya san inda hanyar take kai mutum: idan ka riƙe amana na wasu shekaru zai yi maka aure, ya ba ka jari, ya haɗa ka da waɗanda za su ba ka kaya bashi, kuma mun ga yayyenmu da aka yi wa haka suna zaune a shagunansu a babbar kasuwa. Arzikinsa shi ne jarina na gobe, to me zai sa in bar shi ya zube?

Haka ma gandu yake a ƙauye, kai ma ka sani. Ƴaƴa da ƙanne suna noma gonar gida tare, amma maigida ne da ciyarwa da haraji da kayan aiki da aure, sannan kowa yana da gamana tasa, wato ƴar gonarsa ta kansa, da ranakun da zai yi mata aiki. Duk maigidan da ya riƙe rumbu ya manta da waɗannan, gandunsa ba ya kai damina uku bai watse ba. Ka zauna ka tambayi kanka, mai injin nan idan ya yi shekara goma tare da kai me zai zama? Idan amsar ita ce mai injin mai furfura, to kada ka ga laifinsa don bel ya yi kuka ya yi shiru.

Shawarata ita ce ka yanka wa kowa gamana. Ka sa tukwici a kan kowace jarka da ta haura adadin da kuka yi yarjejeniya a kai, ka bar wa matan wani kaso na tunkuza su juya da kansu, ka kuma zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda suka daɗe ka tsaya masa ya kafa ƙaramin abin kansa a idon sauran. Ka biya albashi a ranarsa, domin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ka je sunansu da jana'izarsu da ƙafarka, kada ka aika. Amma abu ɗaya nake gargaɗinka a kai, kada ka buɗe musu littafin cinikinka, domin yaro idan ya ga shigar kuɗi ba ya ganin fitarsu, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tsohon Malamin Gona:

Baba ya faɗi magana mai nauyi, ni dai zan ƙara misali daga jiharmu wanda na yi shekaru ina gani da idona, domin yana nuna iyakar abin da biya yake iya saye.

A 1983 wani ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aikin dashen itatuwa a yankin Maradi yana kallon yawancin dashen suna mutuwa, ya lura cewa tsirran da manoma suke sassabewa kowace bazara rassa ne na kututturan da saiwarsu take raye a ƙasa, kuma idan aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka yi musu aski aka bar su, za su zama bishiya cikin ƴan shekaru. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa shi da shirin ba da abinci a madadin aiki, manoma suka bar itatuwa dubbai a gonakinsu. Da rabon hatsin ya ƙare, yawancin itatuwan nan gatari ya ci su. Wannan shi ne jika 5 ɗinka, Alhaji, an biya mutane sun yi, an daina sun daina.

Abin ya tashi ne daga baya ta hannun tsirarun da suka bar nasu, maƙwabta suka ga suna samun itacen girki da harawar dabbobi, suka ga iska ba ta binne musu shukar hatsi da rairayi. Babban cikas kuwa shi ne a da manomi bai ɗauki bishiyar gonarsa a matsayin tasa ba, tun da ma'aikacin gandun daji yana iya cin sa tara idan ya sare ta, saboda haka ya fi masa sauƙi ya kashe ta tun tana ƙarama. Da manoma suka samu tabbacin cewa wanda ya rena bishiya shi zai ci amfaninta, sai ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitocin tsaro da kansu, da mata da makiyaya a ciki, suka yi dokokinsu na hana sara ba da izini ba. Yau ana maganar kadada kusan miliyan 5 da suka sake yin kore a jihohin Maradi da Damagaram.

Ka lura babu wanda ya rubuta wa mutanen nan manufa a bango. Su suka ga amfanin da idonsu, su suka zauna suka tsara dokar, shi ya sa suke tsare ta da dare ba tare da malamin gona yana tsaye ba. Idan kana son adadin jarkoki ya zama manufar kowa, kada ka yanke shi kai kaɗai ka zo ka sanar. Ka tambayi masu injin nawa za a iya cikawa a wuni ba tare da an wahalar da injin ba, ka tambayi masu tsinta buhu nawa suke iya gamawa, ku tsayar da adadin tare. Mutum yana jin kunyar karya maganar da ta fito daga bakinsa fiye da wadda aka ɗora masa.

Uwar Asusu:

Ina gaida iyayena da yayyena. Baba, a gafarce ni, na yarda da duk abin da ka faɗa sai maganar ɓoye littafi, a nan kam ina da ja.

Na yi shekara 14 a ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun da ƙungiyar CARE ta fara a wannan jiha tamu a 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Mu mata 30 ne a ƙungiyarmu, akwai kishiyoyi biyu a ciki, akwai waɗanda ba sa gaisawa a bakin famfo, amma ba mu taɓa watsewa a kan kuɗi ba. Akwatinmu na ƙarfe yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a tsakiyar tabarma kowa tana kallo, a ƙirga kuɗin da ƙarfi, a maimaita jimillar har wadda ba ta yi boko ba ta riƙe ta a ka, mako mai zuwa kuma kafin a buɗe sai an tambayi taro nawa muka bari. Wadda ta makara tana biyan tara, ko da shugaba ce, ni da kaina na biya sau biyu. Abin da ya riƙe mu ke nan, ba ƙaunar juna ba.

Ban ce Alhaji ya baje musu asirin gidansa ba. Amma yaron da Baba ya ce yana ganin shigar kuɗi ba ya ganin fitarsu, ai don ba a nuna masa fitar ba ne. Yanzu ma'aikatan nan suna ƙirga jarkokin da ake lodawa a mota, suna ninkawa da farashin kasuwa a zuciyarsu, suna cewa duk wannan aljihun Alhaji ya shiga. Ba su san kuɗin buhun gyaɗa ba, ba su san abin da gazuwal ya ci ba a lokacin da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki a watan Agustan 2023 kowa ya koma kan janareta, ba su san nawa kwana 4 ɗin nan na zama suka cinye ba. Ka sami allo ka rataye inda kowa yake wucewa, kowace yamma a rubuta buhu nawa aka murza, jarka nawa aka cika, awa nawa injin ya tsaya da dalilin tsayawarsa. Idan ka sa tukwicin da Baba ya ce ba tare da wannan allo ba, wata na farko za a fara raɗe-raɗin cewa an rage lissafi.

Sannan ina tambaya, cikin mata 7 ɗin nan wace ce ka taɓa zama ka tambaya ra'ayinta? Mai tsinta ita ce take fara sanin buhun da aka cuɗa da tsakuwa ko wanda ya sha danshi ya fara ruɓa, tun kafin mai ya fito da ɗaci. Idan ba ta da bakin faɗa, kai ne za ka ji daga bakin mai saye.

Jami'in Kula da Ma'aikata:

Alhaji, ni aikina ke nan shekara da shekaru a wata ma'aikata, kuma jimlar nan "ba a tambaye ni ba" na ji ta sau da yawa. A iya abin da na gani, ba lalaci ne yake haifar da ita ba, kusan kullum akwai wanda ya taɓa yin magana a wurin ya sha wuya, sauran suka ɗauki darasi. Ka bincika a hankali, kai da mai injin kaɗai, ba a gaban ƴan gida ba.

Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da wata igiya da ke rataye a saman layin haɗa motoci, wadda ƙaramin ma'aikaci yake da ikon ja idan ya ga matsala, shugaban sashe ya zo da gudu, idan ba a warware ba layin ya tsaya. A 1982 kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta garin Fremont a Kalifoniya, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka maido da yawancin tsofaffin ma'aikatan, kuma cikin ɗan lokaci motocinta suka shiga sahun mafiya inganci a kamfanin General Motors. Mutanen ba su sake ba, abin da ya sake shi ne wanda ya nuna aibi ya daina zama mai laifi. Kai ba ka bukatar igiya, ka dai faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya ji injin ya canza murya yana da izinin kashe shi nan take, kuma ranar da wani ya fara yin haka ka gode masa a bainar jama'a ko da ya zamana babu abin da ya lalace.

Akwai kuma ƙasan gini da ban ji ka ambata ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun daga Janairun 2024, dokar ƙwadago ta 2012 ta tsayar da awa 40 a mako, abin da ya haura kuwa ana biyansa dabam, kuma wajibi ne a yi wa ma'aikata rajista a asusun CNSS, wato asusun ƙasa mai kula da fanshon ma'aikata. Wurin da ma'aikatansa suka haura 10 yana zaɓen wakilan ma'aikata. Masu wurare da yawa suna gudun wannan zaɓe, ni kuwa ina ganin shi ne hanya mafi sauƙi da maganar ƙasa take isa sama ba tare da ta bi ta bakin ɗan'uwan maigida ba. Mutumin da bai san ko yana da fansho ba, da wuya ka jawo hankalinsa ga inda masana'anta za ta kai nan da shekara biyar.

Game da ƴan gida da ƴan albashi, cin abinci a kwano ɗaya ba zai gyara komai ba muddin doka biyu ce. Ka duba littafin makara na wata uku, ka ga wa aka yanke wa kuɗi, wa aka ƙyale.

Tsohon Ɗan Kasuwa:

Ƴata, na ji hujjarki, kuma allon buhu da jarka ban ƙi shi ba. Sai dai asusunku kuɗin kowa ne daidai wa daida, masana'antar nan kuwa mutum ɗaya ne ya sa jarinsa, shi ne kuma zai kwana da bashi idan ta faɗi. A rubuta abin da aka murza da abin da aka kashe a kan injin, amma ribar da ta rage da sunayen waɗanda ake bi bashi su tsaya tsakaninsa da mai riƙe masa lissafi. Maradi ƙaramin gari ne, abin da aka rubuta a allo da la'asar yana bakin abokin gasa kafin isha'i.

Mai Matsar Gyaɗa:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba da Hajiya da malamaina biyu. Na yi jinkirin dawowa ne don ina so in gwada wani abu kafin in yi magana.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauki babban mai injin a mota, muka zauna a gindin wata bedi mu biyu. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa mini cewa bara wani yaro cikin ƴan albashi ya kashe injin don ya ji ƙauri, sai ɗan wana, wanda nake bar wa wurin idan na yi tafiya, ya ce ya ɓata lokaci, ya yanke masa kuɗin wuni biyu. Ni ban taɓa jin wannan labari ba, kuma yaron ya bar aiki da kaka ban tambayi dalili ba. Na duba littafin makara kamar yadda jami'i ya ce, a wata uku an yi yanka sau 19, babu ɗan gida ko ɗaya a ciki, alhali na san waɗanda rana take fito musu a kan katifa.

Allo ya hau bango tun ranar Asabar, a wurin da rubutun mai fenti yake, kuma na bi maganar Baba, babu riba a kansa. Da muka zauna tsayar da adadi ni na ce jarka 40, masu injin suka ce 34 idan ana so a riƙa ba injin hutu da tsakar rana, ɗaya daga cikin matan kuma ta ce ko 34 ɗin ba za a samu ba muddin ina sayen gyaɗa daga wani dillali da ta ambata, don kowane buhunsa sai sun fitar da kusan tiya guda ta tsakuwa da ɓawo. Mun tsaya a 34, da tukwici a kan duk abin da ya haura. Na kuma aika a nemo yaron nan in mayar masa da kuɗinsa.

Abin da ya rage mini shi ne ɗan wana. Ina so in mayar da shi sashen sayen gyaɗa, in ba mai injin riƙon wurin idan ba na nan, amma mahaifinsa ne ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma na san maganar za ta isa ƙauye kafin in isa. Baba, kai da ka ga irin wannan a gidajen alhazai, shin in fara zuwa wurin yayana in gaya masa da bakina, ko in fara zama da yaron tukuna?